Kwalbar Suubai

Shafi na 17

Da sunan Allah na ɗora. Ku da kuka cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", har da mai cewa tsanar Kubat nake yi shi ya sa na bar shi kwance a asibiti shafi uku, to ga shi na sallamo muku shi. Wannan shafin kuwa ni kaina sai da na tashi na kuskure baki kafin na iya ƙarasa shi.

*

Burul ta tsaya a bakin matakalar, ta toshe hanci da bakin ɗankwalinta. Zarnin fitsarin mage ne ya fara yi mata sannu da zuwa, sai warin ruɓaɓɓen kabeji, sai na bangon da ya shekara a jiƙe. Wuri na huɗu ke nan tun safe da suka shigo garin Karakol, kuma in nan ma ba a dace ba, ba ta san inda za ta nufa ba.

A wani asibiti, matar da ke teburin tambaya ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ita kelin ɗin wane gida ce, wato surukar su wa, don dai a san gidan da za a ci namansa da yamma. A wani masallaci mai share darduma ya ce mijinta ya kama salla kawai, sauran duk surutu ne. A wani ofis aka ce ta dawo Litinin. Sai wata tsohuwa 'yar Rasha mai sayar da magani ce ta yage kwalin ƙwaya ta rubuta mata a bayansa, ko ɗago kai ba ta yi ba: bayan shagon mai gyaran takalmi, a sauka ƙasa, Juma'a ƙarfe uku.

"Ni zan jira a nan," in ji Kubat.

Mijin nata ya riga ya zube a kan wani benci, ya cusa hannuwansa tsakanin gwiwoyi. Kwana ashirin da uku rabonsa da barasa, sha ɗaya daga ciki a gadon asibiti, bayan ya yi aman jini a kan shimfiɗar uwarsa. Likita bai ɓoye musu komai ba. Ya ce jijiyar da ta fashe an ɗaure ta, amma in ta sake fashewa kada ma a wahalar da mota.

Gobe kuma bikin yanke igiyar 'yarsu Begimai, wadda ta fara takawa, igiyar da a al'adarsu ake ɗaure wa yaro a ƙafafu a yanke don tafiyarsa ta yi albarka. An ware rago biyu, an soya boorsok, wato fanken ƙasarsu, kwando uku, kwalayen farar barasa suna jere a ƙarƙashin gadon surukarta. Wanda zai zauna a saman tabur yana zuba wa maza shi ne yayan mahaifin Kubat, wanda Burul ke kira Babban Gida. Shi ya miƙa wa Kubat kofinsa na farko yana ɗan shekara sha biyar, kuma daga ranar zuwa yau Kubat bai taɓa iya ce masa a'a ba. Kofi ɗaya gobe, shi ke nan ta zama gwauruwa. Abin da ya fito da ita ke nan: an ce akwai wasu mutane da suka daina, suna taruwa suna riƙe juna, har sukan ba mutum wanda zai tsaya masa a irin wannan rana.

Ta ce masa kada ya motsa daga nan. Ya gyaɗa kai, idonsa a kan takalminsa.

Ta sauka tana ɗage siket. Matakala goma sha biyu, kowacce da irin tata ƙazantar.

Wadda ta buɗe ƙofar mace ce mai kimanin shekara hamsin, gajeren gashi, haƙoran zinariya biyu, buta a hannu. Ta ce sunanta Zuura. Ta tambayi Burul ita ce ko wani nata, Burul ta ce mijinta ne, yana sama. Zuura ta yi mata bayani a gurguje cewa wannan zaman na masu ciwon ne su kaɗai, dangi ba sa zama, kuma an riga an fara. Amma tunda daga ƙauye take, kuma ba a barin mutum tsaye a wannan matakalar, ta shigo lungun shayi ta jira a bayan kabad, in an tashi hutu sai ta je ta sauko da shi.

"Sharaɗi ɗaya ne," in ji Zuura. "Wanda kika gani a nan, ba ki gan shi ba. Abin da kika ji, a nan zai tsaya. Kin yi alkawari?"

"Na yi, eje."

Da sauri ta faɗa, har da eje, wato yaya. A lokacin ko me aka ce ta rantse da shi za ta rantse.

Ta zauna a kan wata kujerar roba mai ƙafa ɗaya a ɗaure da waya. Kofuna a gabanta duk sun yi baƙin shayi a ciki, ga gwangwanin sukari da cokali ya daskare a tsakiyarsa. Ba ta ganin kowa, murya kawai take ji. Wani direba ya faɗi sunansa, ya ce shi mashayi ne, ya ba da labarin yadda ya taɓa farkawa a cikin kwata da amai har cikin kunnensa. Wata mai siririyar murya, malamar makaranta, ta ce wata biyar ke nan rabonta da sha, amma jiya ta tsaya gaban shago minti goma tana kallon kwalabe. Burul tana ji, tana ce wa ranta to, ga shi dai suna raye.

Sai wani ya yi gyaran murya.

Sau biyu, da ɗan tari a ƙarshe.

Shekara takwas tana zuba wa wannan maƙoshin shayi. Ko a cikin kasuwar dabbobi ta ji shi za ta gane.

"Sunana Suubai. Ni mashayi ne. Shekara goma sha ɗaya da wata huɗu ban sa a bakina ba."

Aka amsa masa baki ɗaya, har da mai tafi.

Burul ta riƙe bakin tabur. Wannan sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Kelin ba ta kiran sunan manyan gidan mijinta, kowa ya san haka, kuma tunda farkon sunansa, suu, shi ne ruwa a bakinsu, har ruwan ma an haramta mata. Shekara takwas "mai sanyi" take cewa. A ɗebo mai sanyi, mai sanyi ya tafasa, a ba yarinya mai sanyi. Ranar da tana amarya bakinta ya suɓuce ta ce ruwa a gaban baƙi, surukarta kwana uku ba ta amsa gaisuwarta ba.

Kuma wannan mutumin duk Juma'a cewa yake yi zai shiga gari a gasa masa gwiwa.

Ta yi tsammanin kunnenta ne. Ai makon jiya ma ta gan shi da idonta a wani biki, ya ɗaga kofi, ya yi doguwar addu'a, ya shanye, ya yamutse fuska, ya kife kofin. Amma ga shi nan yana magana, a sake, da irin muryar da yake ba da labari in ya ƙoshi da nama. Ya ce gobe ma yana da aiki, bikin jikarsa, don haka da daddare zai cika kwalbarsa. Wani sabon zuwa ya tambaya wace kwalba. Sai Babban Gida ya yi dariya, ya ce ai shi kwalbarsa daban ce, ya gaya wa mutanen ƙauye ta musamman ce da wani aboki ke aiko masa daga Rasha, ba mai taɓa ta. A gefen gwiwarsa take zama. Daga famfon bayan gida yake cika ta, ya mayar da murfi. Farar barasa da abin famfo, wane ido ne zai raba su?

"Ni na fi kowa yamutsa fuska a teburin," in ji shi. "Har cewa suke yi tsohon nan ƙarfe ne, ya sha kwalba guda ya tashi ya hau doki."

Mutum biyu suka yi dariya. Zuura ba ta yi ba.

Bai tsaya nan ba. Ya ce akwai wani ɗan ƙaninsa, yaro mai kirki amma ba shi da ƙashi, kwanan nan ma aka sallamo shi daga asibiti. Yana sa shi a addu'a.

Addu'a!

Burul ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Kujerar roba ta kife, cokali ya faɗi, ta zagayo kabad ɗin.

Mutum bakwai ne a da'ira a ƙarƙashin ƙwan lantarki ɗaya. Ga shi can a tsakiya, farin gemu a taje, farar hularsa mai tsini a kan gwiwa, kofin shayi a hannu. Abin takaici, jikinta da kansa ya fara rusunawa, hannuwa suka haɗu a ƙirji, kai ya fara sauka, yadda ta saba yi masa kullum safiya. Ta kama kanta a rabi ta miƙe. Ta ji kamar ta tofa wa kanta yawu.

Kofin ya tsaya a iska. Jinin fuskarsa ya gudu, sannan ya dawo da yawa.

"Kelin. Me kike yi a nan?"

"Me ke cikin kwalbar?"

"Wa ya shigo da ita? Zuura, wannan wane irin..."

"Ranar sunan Begimai da ka ce Kubat ba namiji ba ne in bai shanye na biyar ba, me ke cikin naka kofin? Ranar da ya faɗi a ramin ban ruwan gona, aka jawo shi da ƙafa, kai ka zuba masa. Ina tsaye ina riƙe da tire. Me kai kake sha?"

Ya ajiye kofin a ƙasa a hankali. Ya ce ta rage murya, ta tuna da wa take magana.

"Ruwa," in ji Burul.

Kalmar ta yi mata nauyi a baki kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Ta sake faɗa don ta ji daɗinta.

"Ruwa kake sha, Suubai."

Kai, ku zo ku ga ɗakin nan! Direban da yanzun nan ya gama ba da labarin amai a kunnensa, shi ne ya dafe ƙirji yana astagfirullah. Malamar makaranta ta rufe baki da hannu biyu. Wani tsoho mai rawar kai ya ce a'a, a'a, 'yata, wannan kuma ya yi yawa. Sun zauna sun ji mutum yana alfahari da yadda yake ɗura wa ɗan ƙaninsa guba shi yana kurɓar ruwan famfo, har sun yi masa dariya, amma kelin ta kira sunan surukinta shi ne abin da ya girgiza su. Allah wadai, wallahi.

Suubai ya fi su saurin dawowa hayyacinsa. Ya gyara zama, ya sa muryar nasiha. Ya ce ita yarinya ce, ba ta san yadda tabur yake ba. In babba bai ɗaga kofi ba, ba wanda zai ɗaga, biki ya mutu, a ce gidan wane sun yi rowa. In ya fito ya ce ya daina, tambayar farko ita ce me ya sa, sai a tono shekarun da ya yi yana kwana a barga, 'ya'yansa mata suna gidajen mutane, jikokinsa suna makaranta. Mutuncin gidan gaba ɗaya ya ɗauka a kansa. Kuma shi bai taɓa buɗe bakin kowa ya ɗura masa ba, kowa da hannunsa yake kai wa baki.

"To ka bar shi mana," in ji ta. "Ka sha ruwanka, ka tsallake kofinsa. Sau nawa ya rufe kofi da tafin hannu kana ture hannun?"

Ya kama murza bakin hula.

"Amsa mata," in ji Zuura. "Mu ma mun sha tambayarka."

"In mutum ɗaya ya zauna garau a tabur," in ji shi, idonsa a kan hular, "ido gare shi. Hanci gare shi. Kubat kuma kusa da ni yake zama."

Sai a lokacin Burul ta gane. Ashe ba sakaci ba ne, ba kuma tsohuwar al'ada ba ce kawai. Da gangan yake cika kofin wanda ke damansa, da sauri da sauri, don kada ya natsu har ya lura kofin Aba, yadda Kubat ke kiran tsohon, ba ya wari. Shekara goma sha ɗaya hantar mijinta ce murfin kwalbar nan. Ta tuna dararen da ta wanke wandonsa, da ranar da babbar 'yarsu ta ƙi shiga ɗaki saboda warin ubanta, da jinin da ta kankare daga shimfiɗa da wuƙa. Duk don kada a ce tsoho ya daina sha.

Ta ce gobe a gaban kowa za ta ɗauki kwalbar ta zuba wa Begimai a kofi ta sha. Sai ƙauye ya ga irin barasar da ake aiko wa Babban Gida daga Rasha.

Zuura ce ta riƙe mata wuyan hannu. Riƙon ba na wasa ba ne.

Ta yi magana ƙasa ƙasa. Ta ce ba ta kare shi ba, shekara nawa suna gaya masa abin da yake yi ƙazanta ne, amma a nan ba a tilasta kowa, ba a kuma korar kowa. Ta ce Burul ta dubi mutanen nan. Waccan in aka ji, gobe ba ta da aji. Wancan za a karɓe masa mota. In labari ya fita cewa an ga wani a nan an kai gida, Juma'a mai zuwa ita kaɗai za ta zauna da butarta, kuma daga nan har Bishkek, babban birni, babu wani ɗaki irin wannan da ta sani.

"Kin zo neman inda mijinki zai zauna. In kika fasa nan, ina za ki kai shi? Kin yi alkawari, ƙanwata."

"Ban san abin da zan gani ba."

"Ba wanda ke sani. Shi ya sa ake yin sa a bakin ƙofa."

Burul ta dubi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ta juya ga tsohon, ta roƙe shi. Eh, roƙo, bayan duk wannan. Ta ce ba sai ƙauye ya ji ba, Kubat kaɗai. Yana sama a kan benci. In ya ji daga bakin Aba cewa ana iya dainawa, cewa shi ma ya daina, wallahi ba zai ƙara taɓawa ba, don duk duniya ba wanda yake jin maganarsa kamar shi. Kalma ɗaya ce.

Suubai ya buɗe baki. Sai aka ji takun ƙafa a matakala, a hankali, mai takun yana tsayawa a kowace ta uku.

Ƙofa ta buɗe. Kubat ne, ya gaji da jira, ko kuwa ya tara ɗan ƙarfin halin da ya rage masa ya sauko da ƙafarsa. Ya cire hula tun daga waje. Ya ɗaga kai zai yi sallama, idonsa ya faɗa kan farin gemun.

Ya ja da baya taku ɗaya.

Bai tambayi kansa me Aba yake yi a cikin da'irar ba, da kofin shayi a gefen ƙafarsa. Tunaninsa bai ma je can ba. Abu ɗaya ya gani: an kama shi. Mutum mai shekara talatin da huɗu, uban 'ya'ya biyu, ya tsaya yana murɗa hula, kunnuwansa sun yi ja.

"Aba, wallahi ba ni na ce a kawo ni ba. Ita ce ta matsa. Likita ne ya tsorata ta." Ya sunkuyar da kai. "Ban daina ba, Aba. Gobe ina gefenka kamar kullum. Ba zan ba ka kunya a gaban mutane ba."

Ba wanda ya motsa. Butar da ke lungu ta fara kuka, ba wanda ya je ya sauke ta. Yatsun Zuura suka ƙara nutsewa a hannun Burul.

Suubai ya dubi ɗan ƙaninsa, ya daɗe yana dubansa. Leɓensa na ƙasa ya motsa sau ɗaya. Burul ta riƙe numfashi, har ta fara cewa Allah, Allah a cikin zuciyarta.

Sai ya ɗauki hularsa ya kafa a kai. Ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya saki dariyar nan tasa ta saman tabur.

"Ɗana ke nan. An ce mini an ga matarka tana yawo da kai gari tana tambayar wurin 'yan maye, na ce bari in zo in gani da idona." Ya dafa kafaɗar Kubat ya juya shi wajen ƙofa. "Wannan ba wurin irinmu ba ne. Taho mu je, akwai rago da ke jiran wuƙa."

Kubat ya saki ajiyar zuciya, har da ɗan murmushin wanda aka yafe wa. Ya sa ƙafa a matakala ta farko.

Burul ta fizge hannunta daga riƙon Zuura.